Taɓaryar Yajin Jego

Abin da ya fi ba ni wahala a Bronx ba sanyi ba ne, daka ne. Gidanmu a unguwar Morrisania hawa na huɗu ne, daɓen katako, kuma a ƙarƙashinmu akwai wata mata da Allah ya hore wa kunne. Taɓarya ba za ta sauka a turmi sau biyu ba sai na ji tana zungurar silin da sandar goge-goge. Ni ina daka daga sama, ita tana daka daga ƙasa, har ɗayarmu ta gaji, kuma kullum ni ce mai gajiyar. Na ninka bargo na sa a ƙarƙashin turmin, bai hana ba. Na koma injin niƙa, busasshiyar citta ta karya masa haƙora, na sayo wani ta sake karyawa, maigidan ya ce shi kam ya gama ciyar da citta injuna. Dole na haƙura da yajin shagunan Harlem, wanda rabinsa gishiri ne, ina ci ina mita.

Ana nan sai 'yata ta fari ta samu ciki. A Kano aka haife ta, amma a nan ta yi wayo, a yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Mijinta ɗan garinmu ne, yana aiki a ɗakin hoton ƙashi a wani asibiti. Tun cikin yana ƙarami na kafa doka: haihuwar fari ce, gida za ta dawo wanka, kuma yajin jegonta ni zan daka da hannuna ko da matar ƙasa za ta kira mini 'yan sanda. Abubuwa da yawa na gida sun wuce ni a kan yarinyar nan, tana tasowa ina can ina aiki. Wannan ɗaya na ce ba zai wuce ni ba.

A lokacin aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Wanda aka ba ni a shekarar wani Bature ne da ya haura tasa'in, a can saman Manhattan. Matarsa 'yar birnin ce, ita ta jawo shi nan, ta rasu ta bar shi. 'Yarsu ɗaya tana wata jiha, sai dai waya. Ƙafafunsa ne suka gaza, amma kansa garau yake. Baba nake ce masa, yana jin daɗin hakan.

Na shiga gidaje iri-iri a aikin nan, har wanda sai ka kori kyankyaso kafin ka ajiye jaka. Nasa daban yake. A bakin ƙofa ya manna jan salatif a ƙasa, takalmin waje ba ya ƙetare shi, ko na likita ne. Ran farko ya sa ni gaba ya koya mini cire safar hannu, a kama ta waje, a juyo cikinta, kada fata ta taɓa inda ya taɓa datti. Shara kuwa leda biyu yake so, a murɗe bakin, a lanƙwaso shi, a naɗe da salatif. Ba ya kai loma baki sai ya wanke hannu har gwiwa. Na ce a raina, wannan da zai musulunta alwala ba za ta ba shi wuya ba. Gaskiya tsabtarsa ta burge ni, har labarinsa nake bayarwa a gida.

Bayan abincin rana bakinsa ke buɗewa, sau da yawa ina yanke masa farce ko ina shafa masa mai a ƙafa. Yana saurayi, a zamanin da ƙasar nan ke rige-rigen haɗa bam, ya samu aiki a wata masana'antar nukiliya can yamma, cikin fako, a bakin wani babban kogi. Abin da suke kula da shi ni dai tanda na ɗauke shi, tunda abu ake sawa ya gasu a fitar. Ya ce tsayinta ya kai bene, an gina ta da tubalan baƙin abu irin na cikin fensir, an ratsa ta da bututai birjik daga gaba zuwa baya. A cikin bututan ake jera gajerun sandunan yuraniyom, su daɗe suna gasuwa har wani sinadari ya samu a cikinsu, shi ake tacewa a yi bam. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, sai zafi, da wani tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana ratsa jikin mutum ya lalata jini.

Aikinsa shi ne ya hau wani dandamali mai hawa da sauka a gaban tandar, su kwance murfin bututu, su tura sababbin sanduna, gasassun su faɗo ta baya cikin wani tafki mai zurfi, wasu mutane su tsinto su daga sama da dogayen awartaki. Ruwan kogin ake janyowa ba dare ba rana yana bi ta cikin bututan don kada su narke. In ya fito a tsayar da shi ɗan lokaci a wani kwarami, sannan a mayar da shi kogi. Wani lokaci sanda takan kumbura ta fashe ta maƙale. Sai a kashe tandar, maza su jeru da kaya ninki biyu, kowa ya ruga ya yi ɗan abin da zai iya ya fito wani ya shiga, don kada mutum ɗaya ya kwashi tururin da yawa. Kafin ka fita daga ginin sai ka sa hannu da ƙafa a wata na'ura. In ta yi kuka, a dirje ka da burushi har fata ta yi ja. Ya ce akwai ranar da aka ƙwace masa takalmi, ya koma gida da na takarda.

Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne riƙon baki. An horar da su kada su faɗa wa kowa abin da suke yi, har matan aurensu. Wanda ke tura sanda bai san aikin wanda ke tsinto ta ba, kuma ba ya tambaya. Ya ce mahaifiyarsa har ta mutu tana zaton a kamfanin wutar lantarki yake. Yakan faɗi wannan yana murmushi, ni ma in taya shi, don a lokacin labari kawai nake ji.

Akwai wata 'yar sanda ta ƙarfe da yake tokare ƙofar banɗaki da ita. Ba ta kai tsayin kwalbar lemo ba, kaurinta daidai riƙon hannu, fara sumul irin farin sanholo, bakinta a mulmule. Ran da na ɗaga ta zan goge ƙasa, nauyinta ya ba ni mamaki. Ina juya ta a hannu, ba abin da ya zo mini sai citta. Ina da wani ɗan turmin dutse da na saya a shagon 'yan Asiya, abin dakansa ya faɗi ya rabe biyu tun tuni. Da abu mai nauyi haka ai ba sai an ɗaga an buga ba, dannawa kawai za a yi a murza.

Na tambaye shi mece ce. Ya ce daga can ta fito. A farkon kowane bututu da ƙarshensa ana sa sandunan cike gurbi, don na yuraniyom su zauna a tsakiya. Wannan ɗaya ce daga cikinsu, sabuwa ya ɗauko ta daga sito ran da ya bar aiki, ba ta taɓa shiga tandar ba. Ya ce ko na'ura aka kara mata ba za ta yi kuka ba.

Ina so a fahimci wannan wurin, domin daga baya an so a nuna mini kamar bai san me zan yi da ita ba. Na faɗa masa dalla-dalla. Na ce 'yata ta kusa haihuwa, a al'adarmu ana daka wa mai jego yaji ta yi ta ci har ta yi arba'in, don jikinta ya koma, nono ya kawo. Na ce cokali-cokali ake ci. Har kwatanta masa na yi da hannu yadda zan murza citta da ita. Ya dube ni, sannan ya yi dariya.

"Ɗauki," in ji shi. "Ta gaji da tsaron ƙofa."

Na yi godiya har da rusunawa. Na naɗe ta a ɗankwali na sa a jaka, duk tsawon hanya a jirgin ƙasa igiyar jakar tana cin kafaɗata, ni kuwa sai murna.

Ta yi aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. Citta, kimba, masoro, kanumfari, barkono, busasshiyar tafarnuwa, daddawa, duk ta bi ta kansu ba ƙara. In murza, in tankaɗe, in mayar da tsakin, in sake murzawa. Turmin ƙarami ne, saboda haka na daɗe ina yi, kullum kaɗan bayan na dawo aiki, har na cika manyan kwalabe. Matar ƙasa ba ta ji komai ba, mun haɗu a matakala har gaishe ni ta yi. Maigidan yana tsokanata wai na samu makamin nukiliya, Allah ya kiyaye citta.

Aka haifi mace, lafiyayya, mai gashi. Aka yi suna, mai jego ta tare a ɗakina. Yaji kuwa ban yi mata rowa ba. A kunu, a farfesu, a kan gasasshen nama, a gefen tuwo. Sauran mutanen gidan ban bari sun taɓa ba sai ɗan lasa, na ce ba su suka haihu ba. In ta ture kwano in tsaya a kanta.

"Umma, too much ne fa," takan ce. "Stomach ɗina yana ciwo."

In ce haka jego yake, ta cinye. Ciwon kai, kasala, cikin da ya ɗaure, duk na sa su a lissafin haihuwar fari, haka ma matan da ke zuwa barka suka ce.

Ban manta da mai taɓarya ba. Na cika 'yar kwalba na kai masa, na ce ga aikin sandarsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ta yana kallon launin, ya yaba. Na ce in barbaɗa masa a ƙwai, ya ce cikinsa ba daidai yake ba yau, sai wani lokaci. Duk ran da na tuna na tambaya sai ya ce yana nan, ya adana.

A cikin kwanakin ne ya ba ni labarin kifi. A garin da aka gina wa ma'aikata yana da maƙwabci, malamin makaranta mai yara da yawa, wanda ba shi da abin so kamar kamun kifi a ƙasan inda ruwan tandar ke komawa kogi, don ruwan wurin da ɗumi, kifi na taruwa. In ya kamo sai ya aiko masa da rabonsa. Shi kuma ya karɓa, ya yi godiya, in mutumin ya juya baya ya haƙa rami a bayan gida ya binne. Ya ce shekaru aka yi ana haka, shi bai taɓa sa kifin kogin nan a bakinsa ba. Na tambaya ko kifin na da illa ne. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce manya sun ce ba komai, mai yiwuwa ma ba komai ɗin, amma shi ya ga abin da ke fita daga bututan, kuma mutum ba ya caca da jikinsa. Na ce to maƙwabcin fa, da yaransa? Ya ce ai ba a ba shi izinin magana ba.

Yana faɗa yana dariya, irin ta wanda ya yi dabara. Ƙafarsa tana kan cinyata ina shafa mata mai, sai na ji ba na son taɓa ta. Ƙyama ce ta kama ni, sosai. Na gama da sauri na je na wanke hannu. Amma ban haɗa labarin kifin da komai nawa ba, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa in haɗa ba. Wane ne za a ba shi kyauta ya zauna yana tunanin ko guba ce?

Da 'yata ta koma asibiti duba lafiyar bayan haihuwa, ta yi wa likita ƙorafin cikin, aka ɗebi jini. Ba a daɗe ba aka kira ta. Dalma ce a jininta, mai yawa, irin dalmar nan mai guba ta cikin batirin mota. Aka ce a kawo jaririyar, ita ma aka samu, ta bi ta nono.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta birni ta zo gidan da akwatinta. Ta kara wata na'ura a bango da fentin taga, ta duba famfo, sannan ta juyo kan kayanmu. Kwalli ta fara tambaya, na ji haushi, na ce ko ɗigo ba a sa wa jaririyar ba, uwarta ta hana. Ta ɗebi kwallin duk da haka, ta ɗebi turaren wuta, kanwa, da yajin. Matar ba ta yi mini rashin kunya ba, aikinta take yi, amma na tsani yadda kowace kwalba tawa ta zama abin zargi. Da sakamako ya fito ta dawo ta ce yajin ne. Ta tambayi inda na saya, na ce ni na daka, kayan haɗin ma ga ragowarsu. Ta ce da me na daka.

Na ɗauko sandar na miƙa mata. Ba ta karɓa ba sai da ta sa safar hannu. Ta juyo bakin da nake murzawa da shi, ta nuna mini. Farar fatar ta cinye a wurin, dutse ya goge ta, abin da ke ciki ya fito, toka-toka. Ni na ga canjin launin tun tuni, na ɗauka yaji ne ya rina shi. Ta karce wurin da makulli, ya yi layi mai ƙyalli, da laushi kamar sabulu. Sanholon bawo ne kawai, cikin duk dalma ce. Ta sa ta a leda, ta sake sa ledar a wata leda.

Da surukina ya ji daga inda sandar ta fito, sai ya ce lallai a auna ta. Shi aikinsa ya sa ya san tururin nan, shi ya dage aka zo da na'urar da ke kuka, aka bi sandar da turmin da kicin ɗin duka. Ba ta yi kuka ba. A nan tsohon bai yi ƙarya ba. Surukin ne ya bayyana mini cewa dama da dalma ake tare tururin, su ma rigar dalma suke sa wa mutane a ɗakin hoto, don haka duk wanda ya yi aiki a gaban tandar ya san abin da ya ba sandar nauyi.

Likitan yara ta zaunar da mu ta yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Uwar za ta warke. Jaririyar ce abin ji, domin dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, kuma ba a gani yanzu. Sai an zo magana, sai an zo karatu, a lokacin ne za a sani, ko ma a kasa bambancewa. Ta ce a dakatar da shayarwa har jinin uwar ya sauka, ta riƙa tatsewa tana zubarwa don kada nonon ya ƙafe.

Nonon ya kawo kuwa, kamar yadda na yi alkawari. Da safe in tarar da ita a tsaye a kicin tana tuttular da shi a wurin wanke-wanke, ta sakar masa famfo, jaririyar tana hannuna tana ture robar madara tana tsala kuka. Ba ta taɓa ce mini komai ba. Da ta yi mini faɗa da Turancinta da ya fi mini sauƙi.

Ran da na koma gidan tsohon ban cire takalmi ba. Na ƙetare jan salatif ɗinsa da dattin titi, na same shi a kujerarsa bakin taga. Ƙafata ya fara kallo. Na ce ina yajin da na kawo masa. Ya nuna ƙarƙashin wurin wanke-wanke da haɓa. Na durƙusa na buɗe, can baya, bayan kwalaben sabulu, ga 'yar kwalbata. Tana cikin leda biyu, an murɗe bakin, an lanƙwaso, an naɗe da salatif. Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa sai na taya shi, ya zauna shi kaɗai ya yi wannan naɗin tsaf.

Na ajiye ta a kan teburin gabansa, na faɗa masa abin da aka samu a jinin 'yata da na jikata. Na ce ya san dalma ce a ciki.

Bai musa ba. Ya ce bawon yana da kauri, shi a ganinsa zai riƙe.

"To me ya hana ka ci, Baba?"

"Na gaya miki, mutum ba ya caca da jikinsa." Ya gyara zama. "Kin tambaye ni mece ce, na faɗa miki. Ba ki tambaye ni abin da ke ciki ba."

Ba da izgili ya faɗa ba, abin da ya fi tayar mini da zuciya ke nan. Da natsuwa ya faɗa, irin ta ma'aikacin da ya bi ƙa'ida. Ya ce ya yi baƙin ciki game da jaririyar, yana fatan za ta samu lafiya. Sannan ya ce in ba damuwa in koma in cire takalmin.

Na sha wanke kashin tsofaffi a aikin nan, na sha kwashe amai, ban taɓa jin ƙyama kamar ta ranar ba. Gida fes, ƙamshin sabulu ko'ina, ga mutum da farcensa a yanke, ni na yanke masa. Tsabtar da nake ta yabo ashe iyakarta fatar jikinsa. Na shiga banɗaki na kuskure baki. Ban bar shi da yunwa ba, na ɗumama masa miyarsa na ajiye, na jira har wadda za ta canje ni ta iso, na fita. Ban sake komawa ba.

'Yarsa ta kira ni daga baya, muryarta a sanyaye, ta ce in yi haƙuri, tsufa ne, kuma mutanen zamaninsu haka aka horar da su. Na ce mata mutumin da ke tuna jerin bututan da ya buɗe tun kafin a haife ni bai manta abin da ke cikin sandar ba. Horo kuma, na ce, an hore su su rufe baki a kan bam, ban ji an ce su rufe baki a kan abincin mai jego ba. A haka muka ajiye waya. Na ji ya rasu a shekarar da ta biyo, cikin barcinsa, da jininsa lafiya lau.

Jikata yanzu ta shiga shekara ta huɗu. Jininta ya sauka tun tuni. Tana gudu, tana hawa kujera, tana da dariya mai daɗi, amma magana ba ta zauna ba. Kalmomi kaɗan ne, sauran sai nuni da jan zani. Akwai malamar da ke zuwa tana koya mata. Wasu sun ce yaran da ke jin harshe biyu haka suke jinkiri, wasu sun ce ubanta ma bai yi magana da wuri ba. Likita ta ce ba za ta iya cewa e ba, ba za ta iya cewa a'a ba. Ni dai duk yaron da na ji yana surutu a bas sai na juya na kimanta shekarunsa.

Bana 'yata ta sake haihuwa, namiji. Ba ta dawo gida wanka ba, ta ce aiki da makarantar babbar ba za su bari ba, na ce haka ne. Yaji dai na daka. Turmin itace, taɓaryar itace da aka kawo mini daga Kano, na sauka da su har bakin titi na zauna a kan matakalar gidan na yi dakana, masu wucewa suna kallo. Na cika kwalba na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Thank you, Umma, Allah ya saka."

Ran nan na je duba su da hantsi. Tana ɗaki tana shayar da jaririn, sai babbar ta kama mini zani ta ja ni kicin, tana nuna kabad ɗin sama inda ake ɓoye mata biskit. Na buɗe. Can baya, bayan gwangwanayen madara, ga kwalbata cike, ledar da na ɗaure bakinta da ita tana nan yadda na ɗaure.

Na ɗauko biskit ɗin na rufe kabad ɗin. Na durƙusa daidai fuskarta na ce, "Ce Kaka." Ta zuba wa bakina ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo hannu. Na ba ta.